Shekarar da Aka Ƙera Shirwa

Ƙofar ɗakin gilashin ta ja kanta ta rufe, Tantance ta sauko da hannayenta daga rufi ta kama aiki. Hannaye ne na ƙarfe sirara, kowanne da ido a bakinsa. Wani ya leƙa ƙarƙashin motar, wani ya bi gefen ƙofa da shuɗin haske, wani ya ɗaga bonet a hankali ya zura kai cikin injin. A allon bango hoton motar yana fitowa gaɓa-gaɓa, daga taya zuwa rufi, kowace ƙusa da bayaninta a gefe.

Injiniya Shafa'atu Barau tana tsaye a bayan gilashin, hannu harɗe a ƙirji, ko a jikinta. To me zai dame ta? Ita ta ƙera na'urar da hannunta, motar kuma ta gidansu ce, tun tana rarrafe take jin ana cewa 'yar 1963 ce. Ko tabarmar da ke shimfiɗe a ƙarƙashin kujera ba ta tsaya cirewa ba, don a lissafinta kafin azahar an gama an mayar da motar gida.

A wannan zamani Kaduna ta daɗe da manta warin fetur. Jiragen rataye ne ke shawagi tsakanin dogayen benaye a gaɓar kogi, a ƙasa kuma keken lantarki mara direba ke kwasar jama'a ba ƙara ba hayaƙi. Da Dokar Tsabtar Iska ta kai matakinta na ƙarshe, sai aka ce duk motar da aka ƙera don shan fetur, ko tana tashi ko ta zama ɗakin kaji, a kawo ta Panteka. Tsohuwar kasuwar makanikan nan yanzu gini ɗaya ce fari sol, Tantance kuma tana tsakiyarsa. Aikinta ɗaya ne: ta faɗi ƙirar mota da shekarar da aka ƙera ta. In ƙirar da shekarar suna cikin waɗanda duniya ta amince kayan tarihi ne, a toshe injin a mayar wa mai ita abarsa. In ba sa ciki, daɓen ɗakin ya buɗe, mota ta gangara maniƙa.

Da can mutane ne ke wannan dubawa, kuma kowa ya san halinmu. Ɗan wane zai turo gwangwaninsa, kafin a buɗe bonet waya ta shigo, a ce don Allah a yi masa alfarma, surukin wane ne. Abin nan ya ci wa Shafa'atu tuwo a ƙwarya. Ta tsaya a gaban majalisar hukumar ta ce za ta ƙera musu alƙalin da ba shi da kunnen da za a yi wa raɗa. Ta cika alkawari. Tantance ba ta da maɓallin tsayarwa, kuma duk abin da ya shiga ɗakinta ba ya fita, ko tsinke ne, sai an yanke hukunci. Jaridu suka yi ta yabon Injiniya, ita ma kuma, gaskiyar magana, yabon ya yi mata daɗi.

Motar da ke cikin ɗakin yau a gida Shirwa ake ce mata. Ƙirar Amurka ce ta tsere, rufaffiya, mai kujera biyu tak, ga dogon bonet, ga fitilun da ke ɓuya cikin jiki sai an kunna su juyo, bayanta kuma ya tsuke kamar ƙarshen kwalekwale. Kakan mahaifinta, Alhaji Mamuda, shi ya saye ta a hannun wani Ba'amurke malamin gona da zai koma ƙasarsu. Daga nan ta yi ta gangarowa hannu zuwa hannu har ta iso ga mahaifinta, Malam Barau, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin fanal-bita, wato gyaran jikin mota, a Panteka. Kore shar ya fente ta, kujerunta jar fatar akuya ce ɗinkin dukawa, sitiyarin an naɗe shi da saƙar fata da ta yi baƙi saboda gumin hannu.

Ba don kyanta Shafa'atu ke son motar ba. Ciwon mantuwa ya cinye Malam Barau. A cikin gida bai san kowa ba. Ƙanwarsa Gwaggo Kande, wadda ta dawo gidan don ta kula da shi, kullum sai ya tambaye ta wa ya ba ta izinin shigowa. 'Yarsa tilo kuwa “baiwar Allah” yake ce mata, cikin ladabi, irin na wanda ya haɗu da baƙuwa a asibiti. Likitoci sun gwada hular tuni, wata na'urar farfaɗo da ƙwaƙwalwa, sun gwada allurai, sun kunna masa muryoyin matattu da na rayayyu, duk a banza. Abu ɗaya ne ke aiki. Da safe in ya sha koko aka riƙo hannunsa zuwa rumfar da Shirwa take, ya ɗan ɗaga ƙofar nan da ba ta buɗuwa sai an ɗaga, ya zauna ya ɗora hannu a sitiyari, sai ka ga fuskarsa ta warware. Ya juyo ya dubi wadda ke kujerar gefe ya ce, “Uwata, kin karya kuwa?” Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba. Za su yi hira gwargwadon hucewar shayi, ya tambayi aikinta, ya yi mata faɗan rashin cin abinci, sannan hasken ya dushe. Wannan ɗan lokacin shi ne duk abin da ya rage mata na uba.

Hannayen Tantance suka koma rufi. Muryar da Shafa'atu ta zaɓa mata da kanta, murya mai sanyi kamar ta mai karanta labarai, ta cika zauren.

“Ƙirar Amurka, rufaffiya, mai kujera biyu. Shekarar ƙira, 1964. Ba ta cikin kayan tarihi.”

Shafa'atu ta ƙura wa allon ido. Mataimakinta, Injiniya Tanimu, mutum mai sanyin hali da suka faro aikin tare, ya matso allon ya buɗo dalilai, suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Farantin lambar da kamfani ke mannawa a ƙarƙashin dashbod babu shi. Ƙarfen da yake kai ya yi tsatsa tun zamanin kakanta, masu walda suka yanke suka sa wani. Injin na Japan ne. Bonet ɗin ƙirar hannun Malam Barau ne, tun ranar da ya yi karo da wani bijimi a hanyar Zariya. Jikin motar ba ƙarfe ba ne, faiba ne mai kama da roba mai tauri, kuma awon tsufan faiba ba ya raba shekara da mai bi mata. Shaida ɗaya ta rage, gilashin baya. A 1963 kaɗai kamfanin ya raba gilashin bayan wannan ƙira gida biyu, da sanda da ta sauko daga rufi ta ratsa tsakiya, kuma saboda wannan tsagar ce duniya ta sa 'yan shekarar cikin kayan tarihi. Daga shekarar da ta biyo baya gilashin falle ɗaya ne. Yadda tsagar fuska ke faɗin garin mutum, haka wannan ke faɗin shekarar mota. Na Shirwa falle ɗaya ne, kuma Shafa'atu ba ta taɓa saninsa da wata kama ba.

Doka ta ba mai mota 'yan kwanaki ya yi tunani kafin daɓe ya buɗe. Shafa'atu ta fita daga Panteka ta bar Shirwa a kulle cikin gilashi.

Da ta kai wa Gwaggo Kande labari, tsohuwar ta ajiye tsintsiyar hannunta ta yi salati, sannan, abin mamaki, ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. Ta ce ai wannan aikin Alhaji Mamuda ne, ta ji labarin a bakin mahaifinsu ba sau ɗaya ba. Wai da ya sayi motar yana ji da kansa, sai abokan majalisarsa suka samo wata mujallar Turawa, suka nuna masa hoton sababbin fitowa da gilashinsu falle ɗaya, suka ce Alhaji ashe tsohon yayi Bature ya sakar maka. Maganar ta tsaya masa a rai har ya kasa cin tuwo. Ya aika Ikko aka yi masa odar gilashi, ya kira mai zarto ya datse sandar, aka cike gurbin aka shafe da fenti. Ranar da aka gama har rago ya yanka, ya zagaya unguwa a hankali don kowa ya ga bayan motar.

“Mutanenmu ke nan,” in ji Gwaggo. “Da a ce kana hawan tsohon yayi, gara a ce ba ka da mota.”

Kaico, Alhaji Mamuda! Ya biya mai zarto ladansa don ya datse abin da shi kaɗai zai ceci motar bayan shekara ɗari da ɗoriya. Amma labarin ya ba Shafa'atu abin kamawa. Zarto ba ya yanka ya shafe tarihi. In dai an taɓa yin sanda a wurin, kututturenta yana nan a bakin rufi, binne a ƙarƙashin fenti da fila, wato ƙullun da masu gyaran jiki ke cike lotsawa da shi. Hasken Tantance bai gan shi ba ne saboda kaurin abin da zuriya uku suka lafta a kai.

Akwai hanyar ganinsa, kuma ita ta tsara ta. Mai mota yana iya neman Tonon Asali. A nan na'urar ba dubawa kawai take yi ba, feƙe motar take yi bene-bene har ta isa fatar da ta fito da ita daga kamfani. In tonon bai nuna komai ba, maniƙa na jira. In ya nuna motar ta tarihi ce, sai mataki na gaba ya biyo da kansa, wanda ake kira Maida-Asali: Tantance ta ɗauko zanen kamfani na shekarar, ta ƙera duk abin da ya ɓata a maƙerarta mai ɗab'in ƙarfe da faiba, ta mayar da mota yadda take ranar da aka gama ta, ta rufe da wani ruwan kariya da fenti ba ya kamawa. Duk abin da ba na asali ba kuwa baƙon abu ne, maniƙa zai tafi. Wannan matakin Shafa'atu ta ƙara shi ne bayan wata ziyara da baƙi daga ƙasashen waje suka kawo, suka ga motocin tarihin Kaduna da rubutun “Allah ya kiyaye hanya” a baya da labulen leshi a taga, suna ɗaukar hoto suna murmushi. Ranar kunya ta kama ta. Ta ci alwashin motar tarihin Kaduna sai ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ta kowace ƙasa.

Washegari da safe Malam Barau ya sha kokonsa, ya miƙe da kansa ya nufi rumfa, makullin a hannu. Ya tarar da fili, sai tabon baƙin mai a ƙasa. Ya tsaya yana duban tabon. Bai yi faɗa ba, bai tambayi kowa ba, ya dai tsaya har rana ta iso ƙafarsa, sannan Gwaggo ta jawo shi ciki. Haka ya yi kashegari, haka ya yi ranar da ta biyo. Shafa'atu tana leƙensa ta taga, abinci ya daina wuce mata.

Ta faɗa wa Gwaggo abin da ta yanke. Ta yi mata bayanin tono da mayarwa dalla-dalla, ta ce motar za ta dawo gida, har ma ta fi da kyau. Gwaggo ta saurara har ƙarshe tana tsince shinkafa.

“To fentin fa? Da kujerun?”

“Za su tafi, Gwaggo. Amma ai motar ce dai. Ƙarfenta ne, jikinta ne.”

“Ke kin san abin da yake gani in ya dube ta?”

“Mota yake gani mana.”

“Uhm,” in ji Gwaggo. “Allah ya sa. Ni dai ina tsoron garin gyaran gira a rasa ido.”

Shafa'atu ta ce to a bar ta a niƙa ke nan? Gwaggo ta ci gaba da tsintar shinkafarta, hawaye na ɗiga cikin faranti.

A Panteka, kafin ta dangwala yatsa a allon amincewa, Shafa'atu ta ja Tanimu gefe. Ta daɗe tana kewaye-kewaye, ita da ba ta saba ba. Ta yi zancen yanayin zafi, ta yi zancen gyaran da rufin zauren ke buƙata. Daga ƙarshe ta sauke murya ta tambaye shi ko akwai yadda za a yi a buɗe ɗakin na ɗan lokaci, a ciro kujerun nan biyu da sitiyari kawai, ba wanda zai sani. Wanzami dai ba ya son jarfa. Abin da ta yi shekaru tana yaƙa, yau ga shi a bakinta, kuma ta ji ɗacinsa tun kafin ta rufe baki.

Tanimu bai ɗaga ido ya dube ta ba, don kada ya ƙara mata kunya. Ya ce wallahi da akwai hanya da bai jira ta roƙa ba, shi ma ya san Baba, ya sha zuwa gaishe shi. Ya ce ya kwana biyu yana bin tsarin na'urar layi-layi ko zai sami ƙofar da aka manta a buɗe.

“Ranki ya daɗe, ba ki manta ko ɗaya ba,” ya ce. “Aikin ya yi kyau da yawa.”

Ta dangwala yatsa.

Hannayen suka sauko, wannan karon da bakin wuta mai laushi wanda ke ɗaga fenti kamar ana ɓare dafaffen ƙwai. Koren ya fara tafiya. Shafa'atu ta san labarinsa: Malam Barau ya fesa shi ne da hannunsa ana saura kwanaki bikinsa da mahaifiyarta, don an ce masa amarya kore take so. Mahaifiyar ta rasu Shafa'atu tana jami'a, shi kuwa bai ƙara canja launin ba, sai dai ya sabunta. A ƙarƙashin koren fari ya fito, na kakanta, wanda aka ce ya yi shi shekarar da ya sauke farali. A ƙarƙashin farin ja, a ƙarƙashin jan wani ruwan ƙwai da ba wanda ya taɓa ba ta labarinsa. Kowane bene ya tashi ya zama gari, bututu ya zuƙe. Muryar nan mai sanyi tana ta faɗin abu ɗaya, baƙon abu, baƙon abu. Aka zare kujerun jar fata, aka warware saƙar sitiyari, aka cire injin Japan da bonet ɗin Malam Barau, aka ɗauke 'yar tabarmar. Daɓe ya buɗe kaɗan ya haɗiye su.

Da aka kai ga fila, sai allon ya nuno wani abu a cikin bayan motar, ta ciki, inda ba a gani. Sawun tafin hannu ne ɗan ƙarami, yatsu biyar a baje. Ta tuna, ko kuma ta tuna ana ba ta labari: tana 'yar shekara huɗu ta bi shi gareji, ya juya baya ta danna hannu a ɗanyen ƙullu. Maimakon ya goge sai ya bar shi ya bushe, ya rufe da kafet. Ba ta san yana nan har yau ba. Ta kai hannu ta dafa gilashin da ke tsakaninta da motar. Tantance ta auna sawun, ta ba shi sunan da ta ba sauran, ta kankare.

Can a bakin rufi, daidai tsakiyar gilashin baya, hasken ya tsaya. Hoton ya girma a allo. Ga shi nan, kututturen sanda bai fi faɗin yatsu uku ba, da sawun haƙoran zarto a karkace, aikin wani bawan Allah da ya mutu tun kafin a haifi uban kowa a zauren. A ƙasa ma ga ɗan'uwansa inda sandar ta sauka.

“An gyara hukunci,” in ji Tantance. “Shekarar ƙira, 1963. Tana cikin kayan tarihi.”

Ma'aikatan da suka taru a bayanta suka yi kabbara, wasu suka tafa. Ba a taɓa samun irin wannan mota a ƙasar ba. Tanimu ya ce mata barka. Ta amsa, ta ma yi murmushi, don a ranta ta ce ta ci nasara: ba za a niƙa Shirwa ba. Maƙerar na'urar ta kunna kanta, ta fara fitar da sabuwar sanda.

Ranar da aka dawo da motar, unguwa ta fito kallo. Wallahi abin kallo ce. Launinta na asali ashe ruwan azurfa ne mai ɗan shuɗi, yana ɗaukar ido. Kujeru baƙaƙe masu sheƙi, sitiyari siriri, bonet da farantai biyu na ado irin na shekarar, a baya kuma ga tsagar nan ta sauko daga rufi ta raba gilashi biyu, kamar ba a taɓa kai mata zarto ba. Ƙofofin suna buɗuwa da ɗan yatsa. Matasa suna ta ɗaukar hoto, wani dattijo ya ce ko Alhaji Mamuda bai gan ta da wannan kyan ba.

Shafa'atu ba ta yi sakaci ba. Tun kafin ranar ta je wajen dukawa ta sayo jar fatar akuya mafi kama da ta da, ta shimfiɗa a kan kujerun. Ta fesa turaren da yake shafawa. Ta samo ɗan tsumma mai warin baƙin mai a wajen wani tsohon makanike ta cusa a ƙarƙashin kujera. Gwaggo tana kallonta, ta ma taya ta gyara shimfiɗar fatar.

Da safe ya sha koko. Suka riƙo shi, Gwaggo a dama, ita a hagu, zuwa rumfa. Da ya hango motar sai ya saki hannayensu ya ƙarasa da kansa. Ya zagaya ta a hankali. Ya ƙwanƙwasa gefen ƙofa da bayan yatsa ya kasa kunne, yadda masu sana'arsa ke yi in suna neman inda aka ɓoye fila. Ya ƙwanƙwasa bayan taya, ya ƙwanƙwasa rufi. Ya tsuguna da ƙyar ya hangi layin jikin daga gaba zuwa baya, ido ɗaya a rufe. Ya tsaya a gilashin baya ya shafa sandar da babban yatsa. Sannan ya gyaɗa kai ya ce ko wane ne ya yi wannan aiki ya iya, babu ciko ko na ƙwayar gero, shi bai taɓa ganin hannu irin wannan a Panteka ba.

Ta buɗe masa ƙofa ta ce Baba shiga mana. Ya ja da baya ya ce a'a, ba a shiga motar mutane ba da izini ba. Ta ce mai ita ya ba da izini. Gwaggo ta sa baki ta ce Yaya shiga ka ji daɗin kujerar. Don kada ya ƙi mutane, ya shiga. Ya zauna a bakin kujera, bai jingina ba, ya tattare rigarsa kada ta taɓa wani abu, ya ɗora hannayensa a kan cinya. Sitiyarin yana gabansa, ko kallonsa bai yi ba.

Shafa'atu ta zagaya ta shiga kujerar gefe ta zauna inda ta saba zama. Ta jira. Ta yi masa zancen bijimin hanyar Zariya, ta yi masa zancen koren fenti da amarya, ta ambaci sunan mahaifiyarta. Yana saurare yana gyaɗa kai irin na mai ladabi da ake ba labarin mutanen da bai sani ba. Shayin da Gwaggo ta ajiye a bakin rumfa ya huce, ya yi sanyi. Na'urarta ta faɗi shekarar motar daidai, ba ta yi kuskuren ko wata ɗaya ba, kuma duk duniya ba mai iya ƙaryata ta. Hawaye suka zubo wa Shafa'atu.

Shi ya lura da hawayen. Ya juyo ya dube ta sosai, da tausayi, har ta ɗauka ko shi ke nan, ko ya dawo. Ya laluba aljihu ya ciro hankicinsa ya miƙa mata.

“Yi haƙuri, baiwar Allah, kowa da abin da ke damunsa,” ya ce. “In ba za ki damu ba, ki taimaka ki kira min 'yata ta zo ta tafi da ni. Tana can cikin motarmu tana jirana, kuma na san ba ta karya ba.”

Gwaggo Kande ta juya baya ta toshe baki da gefen mayafi. Shafa'atu ta karɓi hankicin da hannu biyu.

“To, Baba,” ta ce. “Zan kira ta.”